Wai Turawa ne suka kai wa Japan wannan?

Fa'iza: Jama'a raina a ɓace yake tun jiya. A wani zaure wata ta rufe ni da faɗa, wai duk labaran zane na Japan masu soyayyar namiji da namiji Turawa ne suka cusa musu kwanan nan ta intanet. Na ce mata ba haka ba ne, sai kawai aka cire ni. Ban ce abin kirki ne ba, ban ce kowa ya karanta ba, tarihi na faɗa. Tun 1978 aka fara buga mujallar wannan harka a Tokyo, sunanta Comic Jun, daga baya ta koma June, kuma 'yan mata ne masu sayenta. A 1980 wata ta biyo bayanta, Allan. Ina intanet a lokacin? Matan Japan ne suka ƙirƙiro abinsu, babu hannun Bature a ciki.

Sadik: Babu hannun Bature? Yaya Fa'iza ki janye wannan. Allan sunan wa ta ci? Alain Delon, ɗan fim ɗin Faransa. June kuwa yadda Japanawa ke furta sunan Jean Genet ne, shi ma marubucin Faransa.

Fa'iza: Suna daban, ƙirƙira daban, ƙanena. Shagon ɗinki nawa ne a Kano aka rubuta wa Dubai, alhali mai shi bai taɓa wuce Kwanar Dangora ba?

Nura: Ai Faransawa ba su ne Turawan da ake magana ba. In an ce Turawa, Amurka da Ingila ake nufi.

Isufu Maraɗi: Ikon Allah. To mu da suka mulka har 1960 su wane ne suka mulke mu, Larabawa? Ku 'yan Najeriya kun ɗauka duk wanda bai ji Ingilishi ba ba Bature ba ne.

Nura: Ku ba Anasara kuke ce musu ba? Ka ga ke nan ku ma kun bambanta.

Isufu Maraɗi: Anasara da Bature duk mutum ɗaya ne, Malam. Ka taɓa zuwa Maraɗi ma kuwa?

Nura: Na je Jibiya.

Isufu Maraɗi: Jibiya a Katsina take.

Malam Habu: Ni tambayata ɗaya. Me ya kawo wannan maganar cikin zauren nan? Akwai ƙannenmu a ciki fa.

Fa'iza: Allah ya gafarta Malam, ko hoto ɗaya ban sa ba. Shekaru da sunayen mujallu na kawo.

Hindatu: Ku bar zancen Bature tukuna, ni inda na tsaya shi ne "mata ne suka ƙirƙiro". Editan da ya kafa June namiji ne, Sagawa Toshihiko. Kamfanin da ya buga ta, Sun Publishing, dama tun 1974 yana fitar da Sabu, mujallar maza masu neman maza. Kasuwa suka hango, Anti, ba wai mata ne suka haɗa kuɗi suka buɗe ba.

Fa'iza: Wa ya cika shafukan? Takemiya Keiko ce ke zana bangon mujallar. Marubuciya Nakajima Azusa ta buɗe fili a mujallar inda masu karatu ke aiko da gajerun labaransu tana yi musu gyara a bainar jama'a, daga nan marubuta da dama suka taso. Kuma kafin a san da wata June, ita Takemiya ta fitar da irin wannan labari tun 1970 a mujallar 'yan mata, sannan a 1976 ta fara dogon nata, Kaze to Ki no Uta. Shi Sagawa abin da ya tarar ana so ya tattara wuri ɗaya.

Sadik: Madalla da kika ambaci wannan da bakinki. A ina labarin ya faru? Makarantar kwana ta maza a Faransa, ƙarshen ƙarni na 19. Na wata mai zanen, Hagio Moto, na 1974 kuma makarantar kwana ce a Jamus. Yara masu farin gashi, coci, dusar ƙanƙara. Amma wai babu hannun Bature.

Fa'iza: Bature ne ya riƙe alƙalamin?

Isufu Maraɗi: To Nura, Jamusawa fa? Su ma ba Turawa ba ne?

Nura: Kai dai ba ka da aiki yau.

Hindatu: Wani abin da ba ku taɓo ba: June ɗin ma ba ta yi kasuwa da farko ba, a 1979 ta tsaya, sai 1981 ta dawo. Kuma su kansu mazan da ake cewa labarinsu ne ba duka suka yi na'am ba. A 1992 wani Sato Masaki ya rubuta ƙorafi a wata ƙaramar mujallar mata mai suna Choisir, cewa labaran ba su da alaƙa da rayuwarsu, mata ne kawai ke zana mafarkinsu.

Sadik: Choisir! Faransanci kuma.

Hindatu: Sadik don Allah ba wannan nake nufi ba.

Malam Habu: Har yanzu ba wanda ya amsa mini.

Nura: A matsayina na mai kula da zaure bari in rufe. Abin da ya fito fili: Fa'iza ta yi gaskiya kan shekarun, kuma an yarda Amurka da Ingila ba su da hannu, wanda dama shi na faɗa tun farko. Batun Faransa ra'ayin Sadik ne da baƙonmu na Nijar. Shawarar Malam Habu ita ce mafi nauyi, don haka kada a sake ɗaga zancen.

Isufu Maraɗi: Wa ya yarda? Kuma shekara nawa zan yi a zauren nan kafin in daina zama baƙo?

Fa'iza: Ni fa kan cire ni da aka yi na kawo ƙara, ko mutum ɗaya bai ce mini sannu ba.