Musayar Waƙa a Kan Francis Pegahmagabow, Sojan Ƙasa na Kanada

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na buɗe wannan musaya a kan Francis Pegahmagabow, ɗan ƙabilar Ojibwe, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar Kanada, daga lardin Ontario, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a Bataliya ta 1 ta sojojin ƙasa na Kanada. Duk mai amsawa ya riƙe ƙafiyar "ba".

Da sunan Allah nake fara waƙa,
A kan wani sojan da ban gani ba.

A Shawanaga aka haifi yaron,
Uba ya rasu, bai daɗe da shi ba.

Uwa ta yi ciwo, ta koma dangi,
A riƙo ya tashi, bai san gata ba.

Ya hura wutar inji a jirgin tafki,
Zafin gawayi bai sa ya gudu ba.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914,
Ya shiga soja, ba a tilasta shi ba.

A Ypres ta Beljiyam, 1915,
Jamus ta saki abin da ba a saba ba,

Hayaƙin guba ya bi su cikin ramuka,
Ya shaƙi nasa, bai bar fagen ba.

Ɗan Maharba:
Allah ya ƙara basira, Malam.

Ka ba ni wuri in yi kirarin maharbi,
Wanda dare bai hana shi fita ba.

Yakan bar rami ya yi rarrafe a laka,
Ya kwanta inda ba a zata ba,

Tsakanin sansanin nan da wancan,
Wurin da rai bai da tabbas ba.

Bindigar Ross da dakaru suka ƙi
Don tana cijewa, shi bai yar ba.

An lasafta masa 378 da ya harbe,
Da wajen 300 da ya kama bai kashe ba.

Uwar Marayu:
Ɗana, na karanta baitocinka, amma ina da magana.

Ka ƙirga gawa kana ta murna,
Ba ka ƙirga uwayen da suka yi kuka ba.

Kowane ɗaya cikin adadin nan,
Akwai mai jiransa da bai koma ba.

Ka duba lambar yabon da ya samu
Har sau uku, ba ka faɗi dalili ba.

Ta farko, saƙo ya riƙa kai wa
Cikin ruwan wuta, bai fasa ba.

A Somme aka raunata ƙafar hagunsa,
Ya warke ya koma, bai ja baya ba.

Ta biyu a Passchendaele, 1917,
Da 'yan ɗauki suka ɓata, ba su san hanya ba,

Shi ya bi taɓo ya nemo su,
Ya kai su wurin da ba a so ya faɗi ba.

Ta uku a Scarpe, Agustan 1918,
Harsashi ya kusa ƙarewa, ba a kawo ba,

Ya fita fili, mashinga tana ɓarin wuta,
Ya ɗebo musu, ba a ci su ba.

Wannan nake so mawaƙa su rera,
Domin ceto bai zama ɗaya da kisa ba.

Ɗan Maharba:
Na ji, Inna, Allah ya bar mana ke.

Sai dai maharbin da ya tsare rami,
Ya hana a kashe wasu da ba a ƙirga ba.

Baba Tsohon Soja:
'Ya'yana, ku duka kun tsaya a fagen daga, alhali abin da ya fi ci mini rai ya faru ne bayan an ajiye makamai.

Ya koma gida a 1919,
Ƙirjinsa bai rabu da ciwon guba ba.

A rami an kira shi ɗan'uwa,
A gida ba a ba shi wannan matsayi ba.

Jami'in gwamnati ke iko da yankinsu,
Ba a motsi in shi bai yarda ba.

Ya nemi rance don ya yi noma,
Aka duba lambobinsa, ba a ba shi ba.

Na tuna kakanninmu da suka je Kamaru
Don Sarkin Ingila, ba yaƙinsu ba ne ba,

Sarki guda suka yi wa aiki da shi,
Kuma sakayyarsu ba ta kai wahalar ba.

Ya zama sarkin jama'arsa ta tsibirin Parry Island a 1921,
Takardun koke bai daina aikawa ba,

Yana neman jama'arsa su riƙe al'amarinsu,
Mahukunta ba su so jin haka ba.

A 1945 ƙungiyar 'yan asalin ƙasa
Ta ba shi jagoranci, bai ƙi ba.

Ya rasu a 1952 a Parry Sound,
Jama'arsa ba su sami ƙuri'ar tarayya ba,

Sai a 1960 aka ba su ita,
Ranar da idonsa bai gani ba.

An kafa masa mutum-mutumi a 2016,
Rancen da ya nema dai ba a ba shi ba.