Ruwan zafi a masauki: hita ko hit pom?

Hajiya mai masauki: Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah ina neman shawara. Ina da ɗan masauki a Unguwar Rimi, kowane ɗaki da hitarsa, to hunturu na ƙaratowa kuma tunda aka sa mu a Band A, rukunin masu biyan wuta mafi tsada, kuɗin wuta ya fi ƙarfina wallahi. Wani ya ce in sa hit pom guda ɗaya babba. Akwai wanda ya sani?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin kamar firiji ne aka juya shi, baya ƙona komai, zafin da ke cikin iska yake zuƙowa ya zuba a ruwa. Shi ya sa yunit ɗaya na wuta kan ba ki zafi kamar yunit uku zuwa huɗu, ita ko hita ɗaya ta ci ɗaya za ta bayar. A Ingila gwamnati har fam 7,500 take ba mutum ya cire injin ɗumama gida mai aiki da gas ya sa hit pom, mu nan ma ya fi yi mana aiki don iskarmu da ɗumi.

Baban Khalifa: Gaskiya ne amma ranki ya daɗe ki duba wutar layinku tukuna, idan tana yawan sauka kwamfuresa ce ke fara mutuwa, kar ki yarda a haɗa ba sitabilaiza.

Hajiya mai masauki: To sola fa? Irin mai tanki a kan rufi?

Injiniya: Tana da kyau, sai dai lokacin da kike fi buƙatar ruwan zafi, Disamba da Janairu, lokacin hazo ke rufe rana. Ni dai hit pom da babban tanki mai rufin riƙe zafi, a kunna shi da rana iska na da zafi, da asuba baƙi su tarar da ruwa. Ki sa a riƙa kai ruwan tankin digiri 60 saboda ƙwayoyin cuta.

Mai gyaran AC Kawo: Ƙura Hajiya, ƙura! Ragar bayan hit pom ɗin ke toshewa kamar ta AC, sai ki ji fanka na ta gurnani ruwa bai yi zafi ba. A riƙa wankewa da hunturu. Kuma a waje ake ajiye shi inda iska ke wucewa, ba cikin sito ba. Teburin tankin a Panteka za su haɗa miki.

Hajiya mai masauki: Allah ya saka da alheri. Injiniya ko za ka zo ka auna min girman tankin ranar Asabar?

Injiniya: In sha Allah bayan la'asar, ki ajiye min takardar kuɗin wutar watan jiya.