Wace kalma za mu sa wa "bezel" na agogon nutso?

Baban Nana: Jama'a, salamu alaikum. Agogon nutso mun riga mun daidaita a kansa, haka ma maɓallin wani (wanda ake murɗawa a gefen agogo) da maɗauri. Saura ƙarfen nan mai juyawa da ya kewaye gilashi, wanda Turawa ke kira bezel. Wasu na cewa bakin agogo, wasu zobe. Ni duka biyun ba su kwanta mini ba, domin ma'auni ne, aiki yake yi. Mai nutso zai shiga ruwa da ƙarfe 10:20, sai ya murɗa shi har alamar sifiri ta zo daidai da dogon hannu. In dogon hannu ya kai kan 45, zai karanta 25 a jikin ƙarfen, minti 25 ke nan yana ƙarƙashin ruwa. Ina son kalmar da za ta ɗauki wannan.

Mai Gyaran Agogo: Wa alaikumus salam. Baki ba zai yi ba, kowane agogo yana da baki, har na bango. Zobe kuma zai rikice da robar toshe ruwa da ke cikin murfin baya da cikin maɓallin wani, ita ma zobe ce. Ni ƙawanya na gani. Ƙarfe ce zagayayya, kuma in an ce an yi wa abu ƙawanya, an kewaye shi ke nan. Sai mu ce ƙawanyar minti.

Ɗan Zinder: Malam, gammo fa? Shi ma zagayayye ne, a bisa yake zama.

Mai Gyaran Agogo: Gammo kaya ake ɗora masa, laushi ne da shi, ba ya juyawa. Bar shi ga masu talla.

Hajiyar Agogo: Na goyi bayan ƙawanya. Amma kada a cusa "mai hanya ɗaya" cikin sunan kamar yadda wasu ke so. Gaskiya ne yawancinsu hagu kawai suke juyawa, saɓanin tafiyar hannun agogo, kuma da dalili: in ta bugi dutse ta goce da minti 5, mai nutso zai karanta 30 a maimakon 25, ya fito da wuri da sauran iska a tulunsa. Da dama ta goce, da sai ya zaci yana da sauran lokaci alhali babu. To amma ku dubi Tudor Pelagos FXD na 2021, wanda aka tsara tare da mayaƙan ruwa na Faransa. Tasa hanya biyu take juyawa, lambobinta kuma daga 60 suke saukowa zuwa sifiri. Su aikinsu bin alƙibla ne a ƙarƙashin ruwa da kamfas: a sa minti kaza, a yi iyo har dogon hannu ya kai sifiri, a karya kwana. Don haka sunan ya zama ɗaya, bayanin ya biyo baya: mai hanya ɗaya ko mai hanya biyu, mai ƙirgen gaba ko mai ƙirgen baya.

Baban Nana: Hajiya, kin kawo magana. Ko Blancpain Fifty Fathoms na 1953, wanda Robert Maloubier da Claude Riffaud suka nema wa rundunarsu ta masu nutso a Faransa, tasa sai an danna ta ƙasa kafin ta juya. Wannan ƙawanya mai kulle ke nan. Kalmar ta ɗauke shi shi ma.

Alhaji Na Kurmi: Akwai abin da kuka tsallake, kuma nan kuɗin yake. Ƙarfen da ake kamawa a murɗa daban, faifan da aka rubuta lambobi a kansa daban, ana cire shi a sa wani. Na da can da bakalait (wata roba mai tauri) ko alminiyam ake yi, na yanzu da tangaran ko safaya (mai kama da gilashi, mai wuyar karcewa). Ɗauki Rolex Submariner na sojan Ingila na shekarun 1970, lamba 5513 da 5517. Faifansa yana da zanen kowane minti har 60, na farar hula kuwa mintuna 15 na farko kawai aka zana ɗaya bayan ɗaya. Da yawa an canja musu faifai wajen gyara, an sa na farar hula. Mai saye zai duba harafin T cikin da'ira a fuska, hannaye masu siffar takobi, sandunan maɗauri da aka kafe ba sa fita, da lambobin soja a murfin baya. In duk sun cika amma faifan ba na asali ba ne, farashi ya faɗi sosai. In ba mu da kalma biyu, yaya za a faɗi wannan a ciniki?

Mai Gyaran Agogo: Ranka ya daɗe, haka ne. Ƙawanya ga ƙarfen, faifan ƙawanya ga mai lambobin. A ƙarƙashinta akwai siririn ƙarfe mai lanƙwasa, wato "spring", da ke yin ƙas-ƙas, sau 60 ko 120 a zagaye ɗaya. Shi ne haƙorin ƙawanya ke kamawa. Abin da ke kashe shi gishiri ne da yashi. Bayan ruwan teku, a tabbatar maɓallin wani a ɗaure yake, a sa agogon cikin ruwan daɗi ana murɗa ƙawanyar zagaye biyu ko uku. Kada a ɗiga mai, ƙura yake tarawa ta zama laka. Kada kuma a sa wuƙa a ɓamɓare ta, lanƙwashewa take yi, faifan alminiyam ya karce, na tangaran ya tsage.

Hajiyar Agogo: Na alminiyam da rana ta cinye har baƙinsa ya koma toka-toka, masu tarawa suna ƙara masa kuɗi. Mu ce koɗaɗɗen faifai. Sai dai a lura, ana jiƙa sabo a ruwan bilic don ya yi kama da tsoho. A gwada shi da fuskar agogon da hannayensa: in faifai ya tsufa su kuwa suna ƙyalli, akwai tambaya.

Ɗan Zinder: Na janye gammo. Ga gwaji: "Fifty Fathoms MIL-SPEC na 2017, guda 500 kacal aka ƙera, ƙawanya mai hanya ɗaya, faifan safaya." Ya shiga kunne?

Baban Nana: Ya shiga, ɗan'uwa. Ƙawanyar minti a cikakken suna, ƙawanya a taƙaice, faifan ƙawanya ga mai lambobi. Saura ɗigon nan mai haske a duhu da ke kan alamar sifiri. Alhaji, a kasuwa me kuke ce masa?

Alhaji Na Kurmi: Ido. Idon ƙawanya. In ya faɗi an liƙa sabo, a duhu za ka gane: sabon yana ci, tsofaffin ɗigogin fuska na tiritiyam, sinadarin da ke sa su haske, kuwa sun mutu, domin duk shekara 12 da 'yan watanni rabin ƙarfinsa ke tafiya.