Kayan Nok: Gunki Ne ko Mutum-mutumi?

Ɗan Kwoi: Jama'a, abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Kayan Nok, yumɓun da aka gasa fiye da shekara 2,000, masu tonon dare na kwashewa suna sayar wa dillalai, sai dai ka hango su a Faransa. Tun 1928 da masu haƙar kuza suka fara cin karo da su, har yau mun kasa sanin darajar gumakanmu.

Malam Habu: Da bakinka ka faɗa: gumaka. Ni zan yi kukan gunki? Su kwashe, Allah raka taki gona.

Hajiya Rabi: Haba Malam. Gunki abin da ake bauta wa ne. Wa ya ga ana yi musu sujada? Kan yumɓun da ya isa hannun Bernard Fagg, Baturen nan mai binciken kayan tarihi, a 1943 ma, a gonar doya aka kafa shi mutum-mutumin tsaron gona.

Malam Habu: Hajiya, wanda ya kafa shi a gona ba shi ya gina shi ba. Jamusawan jami'ar Frankfurt sun tarar an farfasa su an binne a ramuka, wasu kusa da inda suke zaton kaburbura ne. Wasan yara ne wannan?

Hajiya Rabi: "Zato" ka ce. Karrama mamaci daban, bauta daban.

Sadiku: Ni "-mu" ɗin "gumakanmu" ce ta tsaya min. Don an tono su a ƙauyen Nok na ƙasar Jaba a kudancin Kaduna sai ya zama kakannin Jaba ne suka gina? An samu irinsu a Katsina da Sakkwato fa.

Ɗan Kwoi: Ham ake cewa, ɗan'uwa. Jaba ku kuka laƙaba mana.

Sadiku: To ƙaramar hukumarku me sunanta?

Ɗan Kwoi: Wa ya sa mata sunan?

Ummi: Ni dai na gan su a gidan tarihi na Jos. Idon nan mai kusurwa uku da aka huda tsakiyarsa, ga kitso kamar jiya aka yi shi.

Malam Habu: Ummi, sai a yi istigfari.

Ummi: Kallo na yi, Malam, ba ɗawafi ba.

Shugaban zaure: A tsaya nan. Abin da na tattara: Hajiya ta kawo hujja, kayan tarihi ne, ba gumaka ba, kuma kowa ya gamsu in ban da Malam Habu, wanda dama ko 'yar tsana ya gani sai ya yi wa'azi. Sadiku, ka bai wa Ɗan Kwoi haƙuri.

Malam Habu: Kowa wa? Ai Hajiya yayarka ce.