Na ci gwanjo a intanet, katina ya ƙi biya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gyaran kwamfuta a Tudun Wada, nan Kaduna. Shekaranjiya na ci gwanjon wata kwamfutar tafi-da-gidanka daga hannun wani mutum a Ingila. Ba ni da asusun PayPal (wata hanyar biyan kuɗi ta intanet), amma shafin gwanjon yana karɓar Visa da Mastercard kai tsaye. Sau uku ina sa lambar katina na naira, ana ƙin karɓa, ko saƙon lambar tabbatarwa bai shigo wayata ba. Da na je banki, sai aka ce in buɗe asusun dala, ga shi kwana biyu kacal suka rage min in biya. Don Allah, wanda ya taɓa biya da katin dala na manhajar waya, yana wucewa kuwa? Kuma wane adireshi zan rubuta wajen biya da katin, na gidanmu ko wanda manhajar ta ba ni?