Mahaifiyata ta ƙi mai kula da ita, kaɗaici kuma yana cin ta

Salamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 70, mun ɗauko ta zuwa ƙasar da muke aiki bayan rasuwar mahaifinmu. Ba ta jin harshen mutanen nan. Ni da maigidana da sassafe muke fita, yara suna makaranta, ita kaɗai take wuni a gida.

Yanzu barci ya ƙaurace mata, abinci sai ta tsakura ta ture, ta rame har zobenta yana zamewa daga yatsa. Kullum ciwon jiki da jiri. An auna jini, an duba sukari da zuciya, likita ya ce bai ga komai ba, ya fi zargin kaɗaici da damuwa. Ni ke yi mata tafinta a asibiti, kuma na lura a gabana ba ta faɗin abin da ke ranta, wai kada ta ɗora mini nauyi.

Mun samo ma'aikaciya mai zuwa gida, Mama ta ce baƙuwa ba za ta taɓa jikinta ba, ta kulle ƙofa. Mun kai ta cibiyar tsofaffi, ta dawo tana cewa zaman kurame ta yi. Kiran bidiyo da ƙannenta yana faranta mata rai, amma da an ajiye waya sai kuka. Mayar da ita kuma ba mafita ba ce, babu mai riƙe ta a can.

Waɗanda suka taɓa riƙon tsoho a ƙasar waje, ta wace hanya kuka shawo kansa ya yarda da mai kulawar da ba ta jin harshensa?