Kujeru biyar, ƙuri'u 1,200: nawa ne ɗan takara zai samu ya kwana da sanin ya ci?

Sakatare: Jama'a, a taimaka da lissafi. Za a zaɓi mutum biyar a kwamiti, ƙuri'u 1,200, kowane mai zaɓe ƙuri'a ɗaya gare shi. Wasu na cewa 240 ake buƙata, wato a raba 1,200 gida biyar. Waɗanda suka saba zama a teburin ƙirga, yaya kuke fitar da shi?

Malamar lissafi: Malam Sakatare, 240 ta yi yawa. Wancan lissafin Thomas Hare ne, wani lauya ɗan Ingila. Abin nema shi ne adadin da mutum shida ba za su iya samu a tare ba. Ƙara ɗaya a kan kujeru, biyar ta zama shida. Raba 1,200 gida shida, ka samu 200, ƙara ɗaya, 201. Kafin mutum shida su samu 201 kowannensu sai an tara ƙuri'u 1,206, su kuwa babu su a akwatin. Saboda haka mai 201 ya shiga, ko ana ha-maza ha-mata. Wannan ita ce ƙa'idar Droop, mai ɗauke da sunan wanda ya fito da ita, da ita ake ƙirga zaɓen majalisar Ayalan da ta Malta da majalisar dattawan Ostareliya.

Wajen ragowa ake tuntuɓe. Ƙuri'u 1,000 a kujeru biyar na ba da 166.67. A yar da abin da ke bayan ɗigo, saura 166, a ƙara ɗaya, 167. Mai cika shi zuwa 167 tukuna, sannan ya ƙara ɗaya, ya kai 168, ya hana mai 167 haƙƙinsa ke nan.

Akawu: Gaskiya ne, Malama. Ƙari kawai: da sahihan ƙuri'u ake lissafi. Idan an zazzage 1,260 daga akwati, 60 sun lalace, aka manta ba a ware su ba, adadin zai fito 211 maimakon 201. Ƙuri'a goma ba wasa ba ce. A ware lalatattu, wakilai su sa hannu, sannan a taɓa kalkuleta.

Wakilin ɗan takara: Yallaɓai Sakatare, a lura da wani abu da ke rikita mutane a ɗakin ƙirga. 201 tabbaci ce, amma ana iya ci da ƙasa da haka. Idan 'yan takara goma sha biyu ne, ƙuri'u suka tarwatse, kuma biyar na sama kawai ake ɗauka, na biyar zai iya shiga da 110.

In kuma zaɓen jerawa ne, inda mai zaɓe ke rubuta 1, 2, 3 a gaban sunaye, aikin na gaba shi ne rara. Wanda ya samu 260 yana da rarar 59. Hanya mai adalci ita ce a duba duka takardunsa 260, a miƙa kowace ga zaɓi na biyu da darajar 59 bisa 260, kusan 0.2269. Ɗibar takarda 59 daga saman tari na jawo rigima, don sakamakon ya dogara da waɗanda hannu ya kama. A rubuta tun kafin zaɓe lambobi nawa za a bari bayan ɗigo. Kujerar ƙarshe kuwa sau da yawa ana cinta ba a kai 201 ba, saboda wasu takardun sun tsaya a zaɓi na ɗaya ko na biyu, babu inda za a kai su.

Malamar lissafi: Kuma duk wannan ya rushe idan kowane mai zaɓe zai dangwala wa mutum biyar. Alamomi sun zama 6,000, tabbacin mutum ɗaya sai 1,001. Abin da ya fi damuna da tsarin shi ne, mutum 601 da suka haɗa baki a kan sunaye biyar za su kwashe kujerun kaf, su bar 599 hannu rabbana.

Mai hannun jari: A zaɓen daraktocin kamfani, inda kowane hannun jari ke da ƙuri'a biyar, aka kuma yarda mutum ya tara ƙuri'unsa a kan wanda yake so, lissafin Malama na farko ne ke aiki. Hannun jari 1,200, kujeru biyar: kujera ɗaya sai hannun jari 201, biyu kuwa ninka 1,200 sau biyu, raba gida shida, ƙara ɗaya, 401. Amma sai an raba ƙuri'un daidai a kan mutum biyun. Masu 401 da suka yi kwaɗayin tsayar da uku za su iya tashi da ɗaya, ko ma a tutar babu.